Yadda Ake Ziyartar Kufayen Rumawa da Tsoffin Majami'un Birnin Rum

Mai babur yakan wuce ta gindin hasumiyar Gobarau sau goma a yini bai ɗaga kai ba, baƙon da aka kawo daga nesa kuma yakan tsaya na minti biyar, a ɗauke shi hoto, ya koma mota, ya tafi bai san abin da ya gani ba. Irin wannan kallo ne akasarin maziyarta suke yi wa birnin Rum na ƙasar Italiya, kuma shi na yi a kwana biyun farko cikin bakwai ɗin da na yi a can, ina fita daga wannan kango ina faɗawa wancan coci, har ƙafafuna suka kumbura, kaina kuma ya cika da sunayen sarakunan da ban san wanda ya riga wani ba. Sai a rana ta uku na lura da cewa birnin gini ne bisa gini, kowane zamani ya ɗora nasa a kan kafaɗar wanda ya gabace shi, har ma yakan ciro duwatsun na baya ya yi nasa da su. Wanda ya bi gine-ginen bisa jerin zamaninsu, daga na maguzawan Rumawa zuwa na Kirista, zai dawo Katsina da fahimta. Wannan tsarin ne zan shimfiɗa a nan.

Da farko a warware wani ruɗani da yakan samu ɗalibin da ya tashi a makarantar zaure. Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, waɗanda suka gwabza da Farisa a zamanin sarkinsu Hirakal, hedikwatarsu tana Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Daular ta rabu gida biyu a shekarar 395 Miladiyya. Ɓangaren yamma, mai birnin Rum, ya faɗi a 476, na gabas kuwa ya ci gaba har zuwa 1453. Saboda haka abin da za ka gani a Italiya shi ne uwar daular, inda aka faro. Rumawa suna ƙirga kafuwar birninsu daga shekara ta 753 kafin Miladiyya, da labarin tagwaye biyu, Romulus da Remus, waɗanda kyarkeciya ta shayar. Matsayin wannan labari a wurinsu kamar na Bayajida da rijiyar Kusugu ne a wurin mutanen Daura, kuma za ka ga siffar kyarkeciyar a wurare da dama a cikin garin.

Shiri tun daga gida

Bizar da ake nema ita ce ta Shengen, wadda ofishin jakadancin Italiya yake bayarwa, kuma daga cikin sharuɗɗanta akwai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Ana karɓar takardun neman tun saura wata shida a yi tafiyar, don haka babu dalilin bari sai ƙurarren lokaci. Daga Kano ko Abuja akan ya da zango a Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul kafin a sauka a filin jirgin Fiyumicino, daga nan kuma jirgin ƙasa yana kai mutum babbar tashar Termini cikin rabin awa da 'yan mintoci. Watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo. Kada Bakatsine ya ce ya saba da zafin bazara don haka watan Agusta ba zai dame shi ba, domin a gida muna fakewa a inuwar zaure idan rana ta take, a can kuwa tsakiyar kufai za ta same ka, dutse a ƙasa, dutse a gefe, babu bishiya.

Abin da ya fi kowane kaya muhimmanci shi ne takalmi. Titunan tsohon birnin an shimfiɗa su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu, kuma takalmin fata mai santsin ƙasa, irin wanda muke sawa da babbar riga ranar Juma'a, azaba ne a kansu. Ka nemi kambas mai laushi wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Kaftani da hula ba su hana komai, sai dai akwai maganar hula a cikin coci da zan zo kanta. Tikitin manyan wurare kuwa a saye shi ta intanet a shafin hukumar wurin tun da sauran makonni, a kuma rubuta suna daidai da yadda yake a fasfo, domin tikitin Kolosiyam, wato tsohon filin wasan Rumawa, yana ɗauke da sunan mai shi, kuma akan nemi shaida a ƙofa.

Rana ta farko: Kolosiyam da Dandali

Ka zaɓi sa'ar farko ta safe, ka sauka a tashar Colosseo ta layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kafin ka shiga, ka zagaya ginin ta waje sau ɗaya a hankali, domin rabin darasin yana waje. Sarki Besfasiyan ne ya fara shi wajen shekarar 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekarar 80 da wasannin kwana ɗari, kuma ganimar da aka kwaso daga Ƙudus a shekarar 70 tana cikin abin da aka gina shi da shi. Tsayinsa mita 48 ne, ƙofofinsa na ƙasa 80 ne, kuma a saman wasu daga cikinsu har yau ana ganin lambobin da aka sassaƙa don kowane ɗan kallo ya san ta inda zai shiga. Da wannan dabara ce mutum kusan dubu hamsin suke shiga su fita ba tare da turmutsitsi ba. Za ka ga jikin bangon duk ramuka kamar wanda zanzana ta ci. Ba harsashi ba ne: ƙarafan da suka ɗaure duwatsun ne mutanen baya suka haƙe suka narkar. Ɓangaren kudu kuma, inda bangon waje ya ɓace, girgizar ƙasa ta 1349 ce ta rushe shi, aka yi ta jidar duwatsun ana gina fadoji da majami'u.

A ciki, ka fara hawa sama ka leƙo, sannan ka sauko. Daga sama ne za ka ga cewa wurin zama ma bisa daraja aka tsara shi, 'yan majalisa a gaba kusa da fage, talakawa da mata a can ƙololuwa. Lungunan da suke buɗe a tsakiya a da rufe suke da katako da yashi, a ƙarƙashinsu ake tsare namun daji da mayaƙan da za a fito da su. Ya kamata mutum ya riƙe a ransa cewa wannan wuri na zubar da jini ne, inda bayi da fursunoni suke kashe juna jama'a na shewa, kuma yawancin zakuna da damisoshin daga Afirka aka kamo su. Ni kam gwanintar maginan ta burge ni, amma ban ji sha'awar yin murmushi a hoton da aka ɗauke ni a wurin ba. Awa ɗaya da rabi ta isa. Kada a kuskura a kankare suna a jikin bango ko a ɗauki tsakuwa don tsaraba, domin hukuncinsa tara ce mai nauyi, har da yiwuwar ɗauri.

Da fitowarka za ka ga ƙofar nasara ta Sarki Kustantin, wadda aka gama a shekarar 315 don tunawa da yaƙin da ya ci a gadar Milbiyo a 312. Ka tsaya a nan, domin ita ce mahaɗar labarin gaba ɗaya. Wannan sarki ne ya halatta addinin Kirista a 313, bayan shekarun da aka yi ana farautar mabiyansa, kuma shi ya fara gina musu manyan majami'u. Idan ka ƙura ido za ka ga sassaƙar da ke jikin ƙofar ba hannu ɗaya ba ne, domin an ciro da yawa daga gine-ginen sarakunan baya irin su Tarajan da Hadriyan aka liƙa.

Tikitin Kolosiyam yana shigar da kai Dandalin Rumawa da tudun Falatino. Dandalin shi ne kasuwa da kotu da majalisa da wurin bauta a haɗe, kamar a ce Ƙofar Soro da Kangiwa da babban masallaci da tsohuwar kasuwa duk a fili guda. A nan ne mutane suke rikicewa, domin ginshiƙai ne a zube ko'ina. Shawarata ita ce ka hau tudun tukuna, ka kalli dandalin daga sama har ka gane babbar hanyar da ta ratsa shi, sannan ka sauko ka nemi abu huɗu kawai. Na farko ƙofar Titus, wadda a cikinta aka sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar Haikalin Ƙudus mai rassa bakwai. Na biyu wurin da aka ƙone gawar Yuliyas Kaisar bayan an kashe shi a shekara ta 44 kafin Miladiyya, inda har yau wasu suke ajiye furanni. Na uku ƙofar Sarki Seftimiyas Seberas ta shekarar 203. Shi ɗan Afirka ne, haifaffen Leftis Magna a gaɓar Libiya, gabas da Tarabulus ɗin da fataken Sahara suke kai kayan ƙasar Hausa bayan ƙarnuka masu yawa. Na huɗu, wanda ya fi koyarwa, shi ne haikalin Antoninas da Fawustina. An gina coci a cikinsa, kuma ƙofar cocin tana can sama a rataye, babu matakalar da ta kai gare ta. Lokacin da aka yi ƙofar, daidai take da ƙasa, domin ƙasa da shara sun binne dandalin har ya zama makiyaya, mutanen gari suna kiran sa filin shanu. Haƙar da aka yi daga baya ce ta bar ƙofar a sama. Wanda ya taɓa ganin yadda ɗakunan tsoffin gidajen cikin birni suke nutsewa har sai an sauka kafin a shiga, zai gane wannan nan take.

Rana ta biyu: inda haikali ya zama coci

Ka ware safiya guda ga Fantiyon, tsohon haikalin Rumawa mai ƙubba, ko da yake ɗaki ɗaya ne. Sunan Agrifa, wanda ya gina na farko a wurin, shi ne a goshinsa, amma ginin da ke tsaye na zamanin Hadriyan ne, wajen shekarar 125. Ginshiƙai 16 na shirayinsa kowanne dutse guda ne, kuma daga Masar aka yanko su aka ɗauko ta ruwa. Da ka tsallake ƙofar tagulla, kada ka ciro waya. Ka je tsakiya ka ɗaga kai. Faɗin ƙubbar mita 43 ne da ɗan ɗori, kuma tsayinta daga daɓe daidai yake da faɗin. Babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma har yau babu ƙubbar kankare marar ƙarfe da ta kai ta girma. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli maginanmu suna ɗaurin guga, yadda suke jera azara suna turo ta kaɗan-kaɗan daga bango har bakuna su haɗu a tsakiya, ya san cewa matsalar rufi mai faɗi ita ce nauyi. Rumawa sun magance ta da dabaru uku. Sun kwaɓa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, wadda take ƙara ƙarfi da daɗewa. Sun sa kauri ya riƙa raguwa, daga kusan mita shida a gindi zuwa mita ɗaya da 'yan kai a sama, suna amfani da duwatsu masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Sannan suka bar ƙololuwar a buɗe, rami mai faɗin kusan mita tara, wanda shi kaɗai ne tagar ginin. Ruwan sama yana shigowa ta nan, kuma idan ka duba daɓen za ka ga ƙananan hudojin da yake tsiyayewa.

Dalilin da ya sa wannan gini ya tsira alhali takwarorinsa sun zama kufai shi ne an mayar da shi coci a shekarar 609, aka ci gaba da share shi ana gyara rufinsa. Haka majalisar dattawan da ke dandali, ita ma coci ta zama a ƙarni na bakwai, shi ya sa take da bango har yau. Mu ma mun san haka a gida: soron da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina yana ganin jikoki, wanda aka rufe aka bari kuwa damina kaɗan ke kwantar da shi. Tun watan Yuli na 2023 ana biyan kuɗin shiga Fantiyon, kuma da yake wurin ibada ne, akan dakatar da masu yawon buɗe ido a lokacin addu'a.

Da yamma ka nufi San Clemente, tafiyar minti kaɗan a ƙafa daga Kolosiyam. Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya tak a birnin, shi zan zaɓa. A sama coci ne na ƙarni na 12 mai adon ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Ka sayi tikiti ka sauka matakala, sai ga ka a cikin wani cocin na ƙarni na huɗu, wanda aka cike da ƙasa aka yi na saman a kansa, aka manta da shi har sai da wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ayalan ya fara haƙa a 1857. Ka sake sauka, sai ga gine-ginen ƙarni na farko, da wani siririn lungu, da ɗakin bautar wani abin bauta da ake kira Mitras, da dakalai biyu suna fuskantar juna. A can ƙasa za ka ji ƙarar ruwa yana gudu a cikin duhu. Cikin minti arba'in ka ratsa shekara dubu da ƙafarka, kuma daga nan duk cocin da ka shiga za ka riƙa tambayar abin da ke ƙarƙashinsa.

Ladabin shiga coci

Malamai sun yi saɓani game da shigar Musulmi majami'a, musamman mai siffofi, don haka wanda zuciyarsa take ɗar-ɗar ya tambayi malaminsa tun yana gida, kada ya bari sai ya isa bakin ƙofa. Ya kuma sani tun yanzu cewa zai ga zane da sassaƙa na Annabi Isa da Nana Maryamu da sauran annabawa, amincin Allah ya tabbata a gare su. A cocin San Pietro in Vincoli, misali, abin da jama'a ke zuwa kallo shi ne sassaƙar da Mikelanjelo, shahararren gwanin sassaƙa da zane, ya yi ya ce Annabi Musa ne. Wanda ba ya son gani yana iya tsallake wurin.

Wanda ya yanke shawarar shiga kuwa, to ya shiga kamar baƙon da ya san mutuncin masu gida. Al'adarsu akasin tamu ce a abu biyu: ba a cire takalmi, amma namiji yana cire hula. Na ga wannan ya yi wa wani dattijo da muka haɗu da shi nauyi ƙwarai, ya tsaya yana jujjuya zannarsa a hannu kamar wanda aka tuɓe wa rawani, amma a wurinsu girmamawa ce. Mace mai hijabi ko mayafi ba ta da matsala, domin abin da ake nema shi ne a rufe kafaɗa da gwiwa. Ruwan da ke cikin kwanon dutse a bakin ƙofa na ibadarsu ne, ba a wanke hannu a ciki. Ba a ƙetare igiyar da ta kewaye wurin da limami yake tsayawa, ba a ɗaga murya, idan kuma aka tarar ana ibada sai a tsaya a baya, kada a bi layin masu karɓar gurasa. Ƙananan majami'u da yawa suna rufewa daga wajen sha biyu da rabi zuwa uku ko huɗu. Na taɓa hawa tudu da tsakar rana na tarar da ƙofa a garƙame, laifin kuma nawa ne da ban duba lokaci ba. Ka riƙe 'yan sulallan Yuro, domin a wasu wurare sai an jefa kuɗi a akwati fitilar da ke haska zanen take kamawa.

Don gane asalin fasalin waɗannan gine-gine, ka hau tudun Abentino ka shiga Santa Sabina, wadda aka gina tsakanin 422 da 432. Dogon zaure ne mai layi biyu na ginshiƙai, 24 ne duka, waɗanda aka ɗebo daga wani tsohon gini, da wata kusurwa mai lanƙwasa a ƙarshe. Wannan shi ne fasalin zauren shari'a da ciniki na Rumawa, wanda suke kira basilika, kuma shi Kirista suka ara da suka sami 'yanci, saboda haikalin maguzawa ɗakin gunki ne da jama'a suke tsayawa a wajensa, su kuwa suna buƙatar inda taro zai shiga ciki. Santa Maria Maggiore, kusa da Termini, ita ma ta ƙarni na biyar ce, kuma a nan aka binne Fafaroma Faransis a watan Afrilun 2025, abin da ya ƙara mata cunkoso. San Giovanni in Laterano ita ce kujerar Fafaroma a matsayinsa na bishop ɗin Rum, kuma ƙyauren tagullar babbar ƙofarta daga majalisar dattawan dandali aka ciro shi. Ɗaya daga cikin biyun nan ta wadatar ga mai ƙarancin lokaci.

Rana ta uku: Batikan

Batikan ƙasa ce mai cin gashin kanta tun yarjejeniyar 1929, faɗinta hekta 44, amma ba a neman wata biza. Ka sauka a tashar Ottaviano ta layin A, ka isa layin bincike da sassafe, ka kuma kauce wa safiyar Laraba, lokacin da Fafaroma yakan gana da jama'a. Shiga Majami'ar Bitrus kyauta ne, don haka duk wanda ya tare ka a hanya yana cewa sai da tikiti, jagoranci yake sayarwa. A filin gaba, wanda magini Barnini ya kewaye da ginshiƙai 284 a layi huɗu, ka nemi wani faifan dutse a ƙasa tsakanin doguwar hasumiyar tsakiya da maɓuɓɓugar ruwa. Idan ka tsaya a kansa layukan huɗu za su koma ɗaya a idonka. Ita hasumiyar dutse guda ce daga Masar, Sarki Kaligula ya kawo ta, aka matso da ita nan a 1586.

An fara majami'ar yanzu a 1506 a kan wadda Kustantin ya gina, aka keɓe ta a 1626, wato shekara 120 ana aiki. Girmanta yana yaudarar ido saboda komai an yi shi daidai da ɗan'uwansa. Sai ka ga mutum a gindin rumfar tagullar tsakiya, mai tsayin kusan mita 29, sannan ma'aunin yake shiga kanka. Hawan ƙubbarta matakala 551 ne, ko 320 ga wanda ya biya ya hau lif zuwa rabin hanya, kuma can sama hanyar tana matsewa, bangon yana karkatowa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura. Gaskiya ni San Clemente ta fi taɓa ni, domin a nan dukiya da iko ne suka fi fitowa fili, amma ba a zuwa Rum a ƙi ganin wannan. Gidajen tarihin Batikan da ɗakin Sistina, wanda Mikelanjelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512, suna buƙatar tikiti na daban da rabin yini nasu, kuma an hana ɗaukar hoto a ɗakin.

Daga filin ka miƙe zuwa bakin kogin Tayiba, inda wani zagayayyen gini mai suna Castel Sant'Angelo yake. Kabarin Hadriyan ne da aka gama a 139, daga baya ya zama sansani da kurkuku. Bakatsine yana da dalili na musamman na shiga nan. A cikinsa aka tsare Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa wanda ya tashi a Fas, bayan 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 sun miƙa shi ga Fafaroma Liyo na Goma. An yi masa baftisma a 1520, Turawa suka san shi da Liyo Afrikanus, kuma a birnin nan ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. A cikinsa ya ambaci Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara da Gobir, kuma ta hanyarsa masu karatu a Turai suka daɗe suna sanin waɗannan sunaye. Bayanin da ya yi wa Katsina gajere ne, kuma ba na yabo ba ne. Na tuna da haka ina tsaye a saman ginin, na kuma yafe masa.

Ruwa da abinci da salla

Ka riƙe gora, domin birnin cike yake da ƙananan famfunan ƙarfe da ruwa mai sanyi yake zuba dare da rana, kuma ana sha. Gadon Rumawa ne wannan, waɗanda suka jawo ruwa ta magudanai 11 daga duwatsu. Wadda Agrifa ya gina a shekara ta 19 kafin Miladiyya ita ce asalin ruwan maɓuɓɓugar Trebi. A wajen abinci a kula, domin shahararriyar taliyar garin, carbonara da amatriciana, da naman kumatun alade ake yin su. Kalmomin da za a haddace a guje musu su ne maiale, guanciale, pancetta, prosciutto da strutto, wanda shi ne kitsen alade, kuma yakan shiga wasu kayan fulawa. Taliyar cuku da barkono da suke kira cacio e pepe babu nama a cikinta, kuma a kewayen Termini da dandalin Vittorio akwai gidajen abincin halal da yawa. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birni, ana zuwa da jirgin ƙasa daga Flaminio, kuma ya cancanci a tsara Juma'a a kansa. Alƙibla a can kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan tara saura kwata, don haka a nemi jadawalin salla na garin. A jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas mai lamba 64 a mayar da jaka gaba, kada kuma a sa fasfo a aljihun gefen kaftani, wanda buɗe yake ga duk mai saurin hannu.

Rana ta ƙarshe a bar ta ga ganuwa da hanya. Sarki Oreliyan ya fara kewaye birnin da bangon jan bulo a 271, tsawonsa kusan kilomita 19, kuma mafi yawansa yana nan. A ƙofar San Sebastiano akwai ɗan gidan tarihi inda ake hawa a yi tafiya a cikin jikin bangon, abin da zai sosa ran duk wanda ya san abin da ya rage na ganuwar Katsina tsakanin Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka. Daga ƙofar ce hanyar Afiya take fita, wadda aka fara a shekara ta 312 kafin Miladiyya, ta kai har Birindisi a bakin teku. Rumawa ba sa binne mutum a cikin gari, shi ya sa kaburbura suka jeru a gefenta, a ƙarƙashin ƙasa kuma akwai maƙabartun Kiristocin farko, irin ta San Callisto, lunguna hawa-hawa da aka sassaƙa ramuka a bangonsu, a sa gawa cikin likkafani a toshe bakin, abin da ya tuna mini da lahadu. Ba a shiga sai da jagora, akwai sanyi a ƙasan ko da bazara, don haka a riƙe rigar ɗorawa. Bayan an fito a ci gaba da tafiya kudu har a kai inda manyan baƙaƙen duwatsun asali suke, a sunkuya a shafa sawun da ƙafafun keken doki suka ci a jikinsu. Bas mai lamba 118 ce take mayar da mutum cikin gari, kuma ba ta zuwa a kai a kai, don haka a koma tasharta tun rana ba ta yi ja ba.